Kai da ka rage ƙiba, kar ka jefar da kambas ɗinka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abinda ya tunzura ni na yi wannan rubutun wani sitatus ne da ƙanina ya ɗora jiya, ya haɗa hotonsa na da da na yanzu ya rubuta a ƙasa wai kilo 12 cikin wata huɗu, Alhamdulillah an gama. Na yi masa barka, kuma wallahi ya cancanta, amma kalmar nan ta "an gama" ta hana ni sakat, don ni ma na taɓa faɗinta kuma na san inda ta kai ni.

Shekara uku da suka wuce likita ya auna ni yace jinina ya fara hawa, sikeli kuma ya nuna kilo 98. Tsoro ya kama ni, na daina lemon kwalba, na rage tuwon dare, na yi sallama da teburin mai shayi, kullum in an idar da asuba sai in ɗaura kambas in kama titi. Cikin wata shida na sauko 84. Ranar da na kwashi kaftanaina guda uku na kai wa tela ya rage min su ji nake kamar an ba ni kujerar Makka. Yana auna ni da tef sai ya ɗago yace "Alhaji ko in naɗe yadin ta ciki kar in yanke? Don irinku kuna dawowa." Na ji haushin maganar nan sosai, nace masa malam yanke kawai. Ya yanke.

Toh daga nan ne na fara cewa ai na kai inda nake so, tattakin kullum ya koma na Asabar da Lahadi, damina ta zo nace taɓo, hunturu ya shigo nace ƙura da mura, kambas ya shige ƙarƙashin gado har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, kuma abin mamaki ban koma cin abinci kamar da ba, ɗan ƙari ne kawai nan da can, amma kafin shekara ta zagayo ina kilo 95 kuma ba kaftani ɗaya cikin ukun nan da yake shiga ta.

Sai daga baya na fahimci ba ni kaɗai ba ne, kuma ba wai rashin zuciya ne kawai ba. Jiki ba ya son rabuwa da kitsensa. In ka rame, shi ɗauka yake yunwa ce ta afko wa gari, sai ya fara tsimi, ya rage yawan abinda yake ƙonawa ko kana kwance, a gefe ɗaya kuma ya ƙara maka jin yunwa. A Melbourne ta ƙasar Ostireliya an yi bincike da aka fitar a 2011, aka ga mutanen da suka rage ƙiba har bayan shekara guda sinadarin da ke taso da yunwa a jikinsu yana nan sama, wanda ke sa a ji an ƙoshi kuma yana ƙasa. Wato kai kana ganin an gama yaƙi, shi jikin yanzu ma ya ja daga.

An taɓa yin wani shirin talabijin a Amurka, The Biggest Loser, da ake tara masu ƙiba sosai su yi gasar ramewa. Wani mai bincike Kevin Hall da abokan aikinsa suka bi mutum 14 daga cikinsu har shekara shida, sakamakon ya fito a 2016. Kusan dukkansu ƙibar ta dawo, wasu ma sun wuce inda suka faro, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abinda ya kamata mai girmansu ya ƙona. Kalori 500 fa kusan farantin abinci guda kenan, kullum. Amma ga inda nake so ku kula, da aka sake duba su wa suka fi riƙe ramarsu a cikinsu, sai aka ga waɗanda suka fi motsa jiki ne, kusan minti 80 a rana na atisaye matsakaici.

Kar kuma wani ya fahimce ni a baibai. Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da ƙiba sosai, wannan gaskiya ce. Robar lemo ta 50cl akwai sukari sama da gram 50 a ciki, kalori wajen 200, sai ka yi tafiya da sauri ta kusan minti 40 kafin ka ƙona ta, alhali shanye ta minti biyu ne. Shi yasa masu zuwa ƙwallo da yamma su fito su zauna kan Indomie biyu da ƙwai uku da shayi mai kauri suke cewa su dai atisaye ba ya musu aiki. Wajen sauke nauyi baki ne babba. Amma wajen hana shi dawowa, nan ƙafa take karɓar aikin.

A Amurka ɗin dai akwai wata rajista da Rena Wing da James Hill suka kafa tun 1994, ba a shigar da kai sai ka rage aƙalla fam 30, kimanin kilo 13 da rabi, kuma ka riƙe shi shekara guda. Mutum sama da 10,000 ne a ciki. Hanyoyin da suka bi suka rame daban-daban ne, kowa da nasa, amma kusan kashi 90 cikin ɗari suna motsa jiki wajen awa ɗaya a rana, kuma mafi yawa ba wani jim mai tsada ba ne, tafiyar ƙafa ce. Da yawansu kuma suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a sati, don kilo biyu in ka gan shi da wuri ka iya da shi, in ya zama goma kuwa sai dai addu'a da sabon ɗinki.

Hukumar Lafiya ta Duniya tace baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Amma kai da ka taɓa ƙiba ka rage, 150 ɗin nan ba taka ba ce, masana harkar suna cewa ka wuce 250. Minti 40 kullum ya ba ka 280, lissafi ya fita. Matsakaici kuma ba tafiyar angwaye ba, irin wadda za ka ji numfashinka ya ɗan ɗaga, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Batun tsoka ma kar a raina shi, don lokacin da kake ramewa ba kitse kaɗai ke tafiya ba har da nama, kuma tsokar ce take taimaka maka wajen ƙona abinci. Ba sai ka sayi ƙarfe ba, jarka biyu ta ruwa ta ishe ka, ko ka dinga tsugunnawa kana miƙewa har cinyarka ta yi zafi.

Matsalarmu mu 'yan birni rayuwar ce gaba ɗaya ta zama zaune. Kakanninmu suna cin tuwo malmala uku amma da fartanya suka wuni, iyayenmu mata ga daka ga surfe ga jan ruwa a rijiya. Mu kuwa masallacin bayan layi ma sai an tada mashin, kasuwa adaidaita sahu, ofis kujera, dare majalisa har sha ɗaya ana danna waya. Ko azumi ku duba, yawancinmu mukan ɗan faɗa a Ramadan amma kafin a yi sati kaɗan bayan salla komai ya koma mazauninsa. Sannan in ka fito sassarfa a unguwa sai wani daga kan benci ya ɗaga murya "lafiya, wa ya biyo ka?" Ka amsa masa da hannu ka wuce, shi ba zai raka ka layin masu ciwon suga ba. A Kaduna je ka Murtala Square ranar Asabar da safe, a Abuja je ka bakin tafkin Jabi, za ka ga manya masu furfura suna haɗa gumi ba wanda ya kalle su.

'Yan uwa mata, na san naku ya fi wuya, ba kowace ce za ta iya fita titi ba. Amma tsakar gida ma fili ne, tsallen igiya na minti goma sau uku a rana ba wasa ba ne, ko ku haɗu ku uku ku huɗu ku dinga zagaya unguwa bayan asuba da hijabanku. Shayin rage tumbin nan da ake tallatawa a Instagram kuwa, da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sa mutum, ruwa ne ke fita sikeli ya yi miki ƙarya kwana biyu.

Wanda yake da hawan jini ko ciwon zuciya ko gwiwa dan Allah ya fara ganin likita kafin ya fara gudu, kuma lokacin bazara kar wani ya fita da tsakar rana da sunan jarumta, bayan asuba ko dab da magariba ya fi.

Ni dai yanzu na sake saukowa 86, wata goma sha huɗu kenan ina wajen, kuma ranar da ruwan sama ya hana ni fita a falo nake zagaye har yara suna min dariya. Kaftanan nan biyu sun fara shiga, na ukun har yanzu yana kama ni a hammata. Da na kai wa telan sabon yadi kafin sallar da ta wuce bai ce komai ba, ya dai auna ya rubuta, ni da kaina nace masa ya bar min inci biyu ta ciki.