Matasa, mu daina haɗiye amsar AI ba tauna

Ƴan uwana matasa don Allah mu ɗan yi magana kan wannan AI ɗin, wato manhajojin nan da kake yi wa tambaya su ba ka amsa kamar mutum, domin wallahi yadda muka rungume shi ya fara ba ni tsoro. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ga kuma Meta AI da ya biyo mu har cikin WhatsApp, yanzu ko ciwon kai mutum ya tashi da shi kafin ya yi tunanin komai ya riga ya ɗauko waya yana tambaya. Ban ce a daina ba fa, yana da amfani sosai, yana gyara Turanci yana taƙaita doguwar takarda. Damuwata ita ce mun daina cewa "a ina ka samo wannan?"

Ku sani abin nan rubuce-rubuce ne masu ɗimbin yawa aka ɗura masa har ya koyi hasashen kalmar da ta dace ta biyo wata, shi ya sa ko bai sani ba sai ya tsara maka amsa tsaf ba ko gargada, kai kuma ka ga magana ta yi kyau ka ɗauka gaskiya ce. A 2023 wasu lauyoyi a New York sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu su sam, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Lauyoyi kenan fa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne addini. Mutum ya yi rikici da matarsa da daddare sai ya rubuta wa waya "sakina ya auku?" Alhali in gaban malami ka je ba zai ba ka amsa nan take ba, sai ya tsare ka tukuna, wace kalma ka furta, me ka nufa da ita, ka taɓa sakinta a baya, tana cikin tsarki ko a'a, wani lokacin ma a tambayoyin nan ne kai kanka za ka gane abin da ka aikata. Haka rabon gado, ka manta da magaji ɗaya duk lissafin ya rushe. Hadisi kuwa in AI ya kawo maka da lamba je ka buɗe littafin da kanka, tun zamanin tabi'ai Ibn Sirin ya ce wannan ilimi addini ne, ku duba wajen wa kuke karɓar addininku.

Ɗalibai ku ma, asamen ɗin da aka kwafo aka miƙa sai malami ya ce yi mana bayanin shafi na biyu mutum ya yi tsuru-tsuru yana sosa ƙeya, wannan asara ce ta kuɗin makaranta da wahalar iyaye. Fara rubuta fahimtarka ko da layi biyar ne, sannan ka ba AI ɗin ka ce ya nuna maka inda hujjarka ta yi rauni, ka yi masa musu, ka nemi ya faɗi madogara ka je ka duba. Batun magani kuma, musamman adadin da za a ba yara da masu ciki, don girman Allah a je asibiti a ga likita.