Marcel Marceau ba bebe ba ne

Abin yakan dame ni idan na ga an sa hoton Marcel Marceau, ɗan wasan Faransa mai farar fuska da riga mai ratsi-ratsi, an kuma rubuta cewa bebe ne da ya mayar da lalurarsa sana'a. Masu wannan zato suna da uzuri, domin mutumin ya shafe kusan shekara 60 a kan dandamali yana ba da labari da hannu da fuska kawai.

Sai dai a lokacin rayuwarsa bakinsa lafiya lau yake. An haife shi a Strasbourg a 1923, kuma bayan an ƙwato Paris daga hannun Jamusawa ya shiga sojan Faransa, inda aka sa shi aikin tuntuɓar sojojin Amurka saboda yana jin Ingilishi sosai, aikin da duk magana ce. Shirun nasa fasaha ce da ya koya a Paris a wurin malaminsa Étienne Decroux, wadda ake horar da jiki ya nuna bango ko iska mai ƙarfi alhali babu komai a wurin. A 1947 ya ƙirƙiro Bip, wato mutumin da yake fitowa a matsayinsa a wasa, mai tsohuwar hula da jan fure, wanda duniya ta san shi da shi.

A fim ɗin Silent Movie na 1976, wanda 'yan wasansa ba sa magana, kalma ɗaya tak aka ji an furta, kuma Marceau ne ya ɗauki waya ya faɗe ta da Faransanci, ma'anarta "a'a".