Concord ba dodo ba ne, a daina tsorata yara da shi

Duk wanda ya zauna WAEC ko NECO ko JAMB ya san concord, dokar nan da ta ce dole aikatau ya dace da mai aikin a jimlar Turanci. Nan yaranmu ke zubar da maki, kuma in babu kiredit a Turanci maganar jami'a sai dai a jira baɗi. Ni dai yadda ake koyar da abin ne ke ci min rai.

Malami zai shigo ya cika allo da dokoki a kwafa a haddace, a wasu makarantun ma in yaro ya yi Hausa a aji sai a ci shi tara, alhali yaron nan tun kafin a kai shi firamare yake yin concord da bakinsa. Yaro ya zo, yarinya ta zo, yara sun zo. Ba za ka taɓa jin ɗan Kano ko Katsina ya ce "Binta ya zo" ba. Namu ma ya fi na Turawa wuya, don mu har jinsi muke dubawa, su kuwa he goes, she goes, shi ke nan.

Ainihin inda ake rikicewa harafin s ne. A jikin suna yana nuna jam'i, boys, amma a jikin aikatau tilo yake nunawa, the boy plays, the boys play. Yaro ya riga ya sa a ransa s na masu yawa ne, dole ya rubuta "the boys plays", kuma wallahi tunaninsa da hujja. Wannan kaɗai ya cancanci sati guda ana maimaitawa da baki.

Sauran tarkon da masu jarrabawa ke so, da yawa Hausa ta riga ta warware su. Everybody is here, ai mu ma "kowa ya zo" muke cewa. One of the boys is sick, ɗaya daga cikin yaran ba shi da lafiya, ba wanda zai ce ba su. Hatta "jama'a ta taru" da "jama'a sun taru" duk muna faɗa, kamar yadda a Ingila ake cewa the team is ko the team are, Amurka kuma sun fi riƙe is.

Akwai waɗanda sai dai hadda, irin su the news is, da neither...nor inda aikatau ke bin sunan da ya fi kusa da shi. Amma 'yan kaɗan ne, don Allah malamai a bar su zuwa ƙarshen zango, bayan yaro ya zauna daram a kan s ɗin nan.