Kafin a ƙara wa mota ƙarfi, a fara tambayar inda zafin zai tafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan mota a Kano, Kaduna ko Abuja ya san yadda ake tashi. Tayoyi sun sha ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, matasa sun yi shewa, sai can gefe ka hango wata BMW an ɗaga mata bonet, tururi na tashi, mai ita yana ɗura mata ruwan leda. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin asara ce da ake iya kauce mata tun a gareji.

Cikin man fetur da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai ke zama ƙarfin juya taya. Ragowar duk zafi ne, wani ya bi salansa, wani ya shiga ruwan lagireto da baƙin mai. Don haka ranar da aka taɓa ƙwaƙwalwar mota (wato kwamfutarta) don ta ƙara gudu, ko aka ɗaura mata turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, an ƙara wutar da ke ci a cikinta ke nan, alhali lagireton da kamfani ya sa an auna shi ne da injin asali. Matasanmu kan zuba kuɗi a salansa mai ruri da tayoyi masu faɗi, abin da ido zai gani, kunne ya ji. Ban cika ganin wanda ke alfahari da sabon lagireto ba.

Ko manyan kamfanoni wannan lissafi yana kayar da su. Chevrolet Corvette Z06 ta shekarar 2015, mai ƙarfin doki 650, ta riƙa ɗaukar zafi a filin tsere har kwamfutarta ta rage mata ƙarfi, kuma a 2017 wasu masu ita suka maka General Motors, kamfanin da ya ƙera ta, a kotu a Amurka. Idan injiniyoyi masu ɗakunan gwaji sun yi tuntuɓe a nan, ina ga motar da aka haɗa a gindin bishiya, za a kuma murza ta a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40?

Wasan juya mota ya fi tsere wahalar da inji. Motar na tafiya a karkace, a ƙaramin giya, an take totur har ƙasa, iska kuma ba ta shiga ta gaba yadda ya kamata. In an sa turbo, na'urar sanyaya iskarsa kan zauna a gaban lagireto, ta tare iska, ta kuma ɗumama wadda ta wuce. Shi ya sa da yawa daga ƙwararrun gasar juya mota ta Formula Drift suke mayar da lagireto bayan mota, da manyan fankoki. Mu kuwa motocin da aka fi so, BMW samfurin E36 da E46, akasarinsu sun haura shekara 20, kuma an san su da tankin ruwa da wuyan lagireto na roba, waɗanda tsufa ke sa su tsage ba sallama. Kan injinsu na alminiyum ne. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai.

Inda na fi saɓa wa bakanikenmu, duk da girman da nake ba su, shi ne cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi. Hujjarsu ita ce wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80 zuwa 90, kuma a injuna da dama shi ke toshe gajeriyar hanyar ruwa don ya tilasta masa bi ta lagireto. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa zagaye a cikin inji bai je ya huce ba. Na yarda tamostat kan lalace ya maƙale a rufe, kuma wannan ne ya sa suke tsoronsa. Maganin wanda ya lalace shi ne sabo mai kyau.

Haka batun ruwan famfo ko na rijiya. Yana tafasa a digiri 100, yana kawo tsatsa, yana barin ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan bututun lagireto. Ruwan sanyaya inji na kanti, tare da murfin lagireto mai riƙe matsi, kan kai ma'aunin tafasa sama da digiri 120. Murfin nan ba shi da tsada, amma sau nawa ake duba robarsa?

Ra'ayina shi ne, duk mai shirin ƙara wa motarsa ƙarfi ya fara kashe kuɗinsa a lagireto babba na alminiyum, sabon famfon ruwa, sabbin tiyo, fanka mai rumfar da ke jan iska ta cikin lagireto, da na'urar sanyaya baƙin mai. In kuɗin ya ƙare a nan, turbo ya jira baɗi. Ya kuma sa ma'aunin zafi mai nuna lamba, domin allurar zafi ta E46 an tsara ta ta zauna a tsakiya ko da ruwan ya wuce digiri 100. Kafin ta motsa zuwa ja, an kusa makara. In ta motsa, a tsaya a kashe inji, kada kuma kowa ya taɓa murfin lagireto sai ya huce, don ruwan da ke ciki na iya saɓule fatar fuska.