Motar hukuma ba ta gidanmu ba ce, amma kar a bar direba shi kaɗai da biyan tara

A watan Sha'aban da ya wuce wasu 'yan uwanmu suka taso daga Kano zuwa Umra, mutum shida da akwatunansu da buhunan tsaraba, jirginsu zai sauka Jidda wajen ƙarfe goma na dare. Sai na kira ɗan yayata da ke aikin tuƙi a wata ma'aikatar gwamnati a nan Makka, shi yana da takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya domin kakansa na wajen uba tun zamanin tafiyar ƙasa ya zo, ta Sudan, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Nace masa tunda motar aikin nan mai faɗi tana hannunka kuma dare ne ba wanda zai neme ta, ka zo mu je mu ɗauko baƙin nan. Ya yi shiru na ɗan lokaci sannan yace, Kawu don Allah ka yi haƙuri, motar nan ba a ba ni ita don haka ba, in na fita da ita yau gobe ba ni da bakin magana. Wallahi na ji zafin maganar, har na ce a raina yaran yanzu ba su san zumunci ba. Bayan kamar rabin awa sai ga shi da motar abokinsa, man ma shi ya zuba da kuɗinsa, muka je muka ɗauko su. Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma inda na tsaya shi ne yaron nan ya fi ni gaskiya nesa ba kusa ba.

Kowace ma'aikata da nata tsarin, amma in ka duba duk abu ɗaya suke faɗa. Motar hukuma wanda aka rubuta sunansa shi zai tuƙa ta, da lasisi mai rai, a kan aikin da aka tura shi, in an tashi dawam, wato an tashi daga aiki, ta koma inda ake ajiye ta sai dai in an ba shi izini ya kwana da ita. Ba a ba ɗa ko ƙane makulli, ba a ɗaukar fasinja, in an yi hatsari ko ƙarami ne a sanar. A ƙasar nan ko motar ƙaninka za ka riƙa hawa ana so a yi maka tafwid ta manhajar gwamnati ta Absher, wato izinin tuƙi a rubuce, don a san wa ke riƙe da ita in wani abu ya faru, to balle motar da aka saya da kuɗin baitulmali.

Waɗanda suka daɗe a nan sun san ba haka abin yake ba a da. Lokacin da litar banzin mai lamba 91 take halala 45, ƙasa da rabin riyal, wa zai tsaya lissafin man da motar ofis ta sha a hanyar Ɗa'if ranar hutu? Ba kowa. Yau litar nan riyal 2.18 ce. A 2010 aka fara kafa kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi, tun mutane na zagi suna rufe lambar mota har aka saba, kuma dole aka saba domin a 2016 kaɗai mutum sama da 9,000 ne suka mutu a hanyoyin Saudiyya, babu unguwar da ba ta yi zaman makokin hatsarin mota ba, namu na Misfala da Shari'a Mansur da Karantina ta Jidda duk sun sani. A shekarar nan dai ta 2016, a watan Satumba, Sarki Salman ya yanke kashi 20 cikin 100 na albashin ministoci, aka taɓa har kuɗin mota na 'yan Majalisar Shura. Kaga in aka fara lissafin mota daga can sama, ba yadda za a yi a ce na ƙasa shi zai ci gaba da yawo da ita kamar ta gado. Ga kuma Nazaha, hukumar yaƙi da rashawa da aka kafa a 2011, wadda yanzu kusan kowane wata sai ta fitar da sanarwar ma'aikatan da ta kama.

Amma ni ba tsoron Sahir ko Nazaha ne ya sa na canja ra'ayi ba. Abin da muka taso muna ji a karatun masallaci ne ya dawo mini. Akwai hadisi a cikin Muslim da Manzon Allah (SAW) yake cewa duk wanda aka ɗora a kan wani aiki ya ɓoye ko da allura ce ko abin da ya fi ta, to ha'inci ne da zai zo da shi ranar alƙiyama. Allura fa. Kuma malamai suna yawan ba da labarin Umar ɗan Abdul'aziz, yadda in zance ya tashi daga sha'anin jama'a ya koma na gidansa yake kashe fitilar baitulmali ya kunna tasa. Duk mun san labarin, mun sha gyaɗa kai muna cewa Allahu Akbar, amma ranar da baƙina za su sauka ban tuna da shi ba, abin da na tuna kawai kuɗin tasi biyu daga Jidda zuwa Makka da tsakar dare. Tafiyar nan kusan kilomita 80 ce zuwa, ga dawowa, man da za a ƙona da tayar da za ta ci ba na shugaban ofis ba ne ba na yaron ba ne, na jama'a ne gaba ɗaya.

Kuma a nan nake so mu faɗa wa kanmu gaskiya mu Hausawan da ke zaune a ƙasar nan. Yawancin lokaci ba ma'aikacin ne yake fara tunanin karya doka ba, mu ne muke tura shi. Biki ya taso, a kira shi ya kwaso kujeru da tukwane. Goggo za ta je asibiti ganin likita, a kira shi. Za a kai kaya kargo, a kira shi. In yace a'a sai a fara, wai ya samu wuri, wai tun da ya samu aikin gwamnati ya daina ganin mutane, har uwarsa sai an je an gaya wa magana. Yaron da aka yi wa tarbiyyar kunya, wanda ba ya iya ɗaga ido ya kalli kawunsa, ya za a yi ya iya cewa a'a sau goma? Wata rana zai ce to. Kuma ranar da ya ce to ɗin, in aka yi rashin sa'a ya buge wani a hanya, Najm, kamfanin da ke duba hatsari don inshora, ko murur, wato 'yan sandan hanya, suka zo suka rubuta lokaci da wuri, ofis ya duba ya ga ƙarfe sha ɗaya na dare ne a unguwar da ba a aike shi ba, wallahi cikin masu cewa ya daina zumunci babu wanda zai je ya tsaya masa gaban kwamitin bincike. Aikin da aka yi shekaru ana addu'ar samu sai ya tafi saboda kujerun biki.

Mafi muni shi ne lokacin Hajji. Wasu suna ganin tunda mota da tambarin hukuma a ƙofa ba za a tsananta mata bincike a shingen Shumaisi na hanyar shiga Makka ba, sai su fara lallaɓa ɗan uwansu ya shigar musu da mutum biyu uku da ba su da tasrihi, wato izinin Hajji. A Hajjin 2025 tarar mai ɗaukar irin waɗannan mutanen ta kai riyal 100,000, shi kuma mai Hajjin ba izini riyal 20,000. Duk wanda ya roƙi ɗan uwansa wannan alfarmar ba ƙaunarsa yake ba, ko da kuwa da sunan ibada ya roƙa.

To duk wannan na yarda da shi, doka ta yi daidai kuma a tsananta. Inda nake da magana shi ne wa dokar take kamawa. Domin da na zauna da yaron nan muka yi hira sosai, sai na gane ba mu kaɗai muke matsa masa ba, akwai matsin da ya fi namu ƙarfi kuma daga cikin ofis yake fitowa. Babba ya makara zuwa taro a Jidda, ya shigo mota yana duba agogo yana cewa yalla yalla, taka ta. Direba ya taka, Sahir ya haska, saƙon muhalafa, wato tarar laifin tuƙi, ya shigo wayar wa? Ta direba, tunda sunansa ne a kan motar. Tsallake jan wuta riyal 3,000 ne zuwa 6,000. Riƙe waya kana tuƙi riyal 500 zuwa 900, alhali sau da yawa wanda ke kiran nasa a wayar shi ne mai gidan nasa, kuma in bai ɗauka ba ya shiga uku. Shi wanda yace a taka ya sauka ya shiga taronsa cikin sanyi, ƙarshen wata albashinsa cif, na direba kuwa ya tafi biyan tara. Haka nan in babba yace biya ka ɗauko mini yara a makaranta, ko kai uwargida kasuwa, wannan ma ai amfani da motar hukuma ne a abin da ba na hukuma ba, daidai yake da abin da na roƙa, bambancin kawai ni ana iya ce mini Kawu ka yi haƙuri, shi kuwa ba a iyawa.

Wannan ma ɗan ƙasa kenan. Ka tuna da 'yan uwanmu masu iƙama, wato izinin zama na baƙo, da ke tuƙi a kamfanonin da ke yi wa hukumomi kwangila, masu kai ma'aikata, masu jigilar kaya, masu motocin tsafta. Shi wannan in tara ta taru masa ko bizar fita da dawowa ba zai samu ba sai ya biya, kuma bakinsa a ɗaure yake don sabunta iƙamarsa tana hannun wanda yake ba shi umarnin. Gaya masa cewa ya ƙi bin umarnin da ya saɓa doka abu ne mai sauƙi a baki.

Shi ya sa nake ganin dokar da ta tsaya kan direba kawai rabin doka ce. Duk fitar da motar hukuma za ta yi ya kamata a ce akwai rubutu, ko a takarda ko a waya, wa ya aika, ina za a je, ƙarfe nawa, wa ke ciki. Ba wani abu ne mai wuya ba a ƙasar da kusan komai ya koma manhajojin Absher da Nafaz. In akwai wannan, ranar da tara ta zo sai a duba, in direba ne ya yi ganganci don kansa ya biya, ba wanda zai tausaya masa, in kuwa an fito da shi a makare ne aka ce lallai ya isa kafin lokaci kaza to wanda ya sa hannu shi ma ya ɗanɗana. Kuma babban da ya san sunansa zai fito a rubuce cewa ya aika motar gwamnati kasuwa, da kansa zai fasa. Rubutun nan kariya ce ga ƙaramin ma'aikaci, har a gida ma, domin zai iya nuna wa irina wayarsa yace Kawu duba, ba a buɗe mini fita ba.

Sai maganar barci, wadda ban cika jin ana yi ba. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan awa 8 ta ce a rana, 48 a mako, amma direba ana lissafa masa lokacin da yake kan sitiyari ne kawai, awannin da ya yi a zaune a mota yana jiran a fito daga taro kamar ba aiki ba ne. Mutum ya tashi tun asuba, ya yi jira har la'asar, sannan a ce ya kama hanyar Madina, fiye da kilomita 400, hanya miƙaƙƙiya da tun 2018 aka yarda ƙananan motoci su yi gudun 140 a wasu sassanta. A irin wannan gudun gyangyaɗi na daƙiƙa biyu ya isa. Duk ƙa'idar da za ta hana direba kai goggonsa asibiti amma ba ta hana a tura shi Madina ba barci ba, to motar take karewa ba mutumin da ke cikinta ba.

Na san wani zai ce to in maƙwabci ya faɗi cikin dare fa, ga mota a ƙofar gida, sai a bar shi saboda doka? A'a. Da farko akwai 997 na motar asibiti, akwai 911 a yankin Makka, kuma suna zuwa. In kuma abin ya zo da gaggawar da ba za a iya jira ba, rai ya fi mota, ya ɗauke shi ya kai, gari na wayewa ya je ya faɗa da bakinsa a rubuta. Ban ga shugaban kirki da zai hukunta mutum a kan wannan ba. Matsalarmu ita ce komai mun mai da shi larura, ɗauko baƙi larura, kai ɗinki larura, har ta kai in larurar gaske ta zo ba a yarda da mu.

Baƙin nawa na Kano da muka ba su labari a mota dariya suka yi, ɗaya yace ai a gida motar gwamnati har kamfen take zuwa, in mutum ya sauka daga muƙami ma da ita yake tafiya. Ban ji daɗin dariyar ba, don na tuna a 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mai da irin waɗannan alfarmomi kuɗi a cikin albashi saboda a rage wannan ɓarnar, ga shi har yau ana maganar.

Bayan Sallah akwai bikin 'yar ƙanwata a Jidda. Da aka zauna rabon aiki wata daga cikin iyaye mata ta ambaci sunan yaron nan da motarsa, nace a'a, a cire shi daga lissafin. Mun yi karo-karo mu biyar mun kama hayar bas ƙarama ta kwana biyu, shi kuma an ba shi aikin tarbar baƙi a ƙofar zaure.