Shi mai ƙwanƙwasa ƙofar fa, wa ke duba lafiyarsa?

Akwai aikin da ba a tunawa da masu yinsa sai ranar da abu ya ɓaci, wato ma'aikatan jin daɗin jama'a da ke bin kadin manya masu rauni, irin tsohon da ɗansa ke cinye masa kuɗin fansho, ko mai ciwon mantuwa da aka bari kwana biyu ba wanka ba abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun gamu da wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda. To wanda ake turawa ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan, a kansa nake magana.

Ni a ganina ba wa babba kariya ya fi ba wa yaro kariya cin rai ta wani fannin. Yaro in yana cikin haɗari kotu na iya ba da umarni a ɗauke shi, babba kuwa muddin hankalinsa na aiki yana da ikon ya ce ba ya son taimakonka. A Ingila ma dokar 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa don mutum ya zaɓi abin da ba wayo a ciki ba shi ke nufin ba zai iya yanke wa kansa shawara ba, sannan dokar kula da manya ta 2014 ta ɗora wa ƙananan hukumomi dole su bincika in ana zargin ana cutar da babba mai buƙatar kulawa. Sai ma'aikaci ya zama gaba kura baya sayaki, ka ga tabon duka a hannun tsohuwa ta ce maka faɗuwa ta yi, tana roƙonka kar ka taɓa jikanta don shi kaɗai ke leƙo ta, ka rubuta rahoto ka koma gida ka kwana ido biyu, in kuma gobe aka wayi gari ta mutu sunanka za a fara nema a fayil.

Wannan ƙonewar da aiki ke yi wa mutum, wato ya cinye masa ƙarfi da zuciya, ba sabon zance ba ne, tun 1974 masanin halayyar ɗan Adam Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kanta a Amurka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, daga matsin da ya daɗe ba a magance ba, ta kuma kawo alamomi uku, gajiya, da zuciya ta fita daga aikin, da raguwar ƙwazo. Ta tsakiyar nan ita ta fi ba ni tsoro, don ranar da ma'aikaciya ta daina jin komai in ta ga tsoho kwance cikin fitsarinsa, ranar ce za ta fara tsallake alamun da ya kamata ta gani.

Amma me shugabanni suka fi yi? Sai a haɗa bitar yini ɗaya kan juriya da yadda ake jan numfashi, a tafa, kowa ya koma ya tarar da fayilolinsa sun ƙaru. Wannan ai ɗora wa ma'aikaci laifi ne a fakaice, kamar shi ne rago.

Na san za a ce ba kuɗi, kuma gaskiya ne kasafi ba ya isa. Sai dai in ƙwararriya ta gaji ta ajiye aiki ba a rage asara ba, nauyinta kan sauran zai faɗa su ma su fara neman hanyar fita, ita kuma tsohuwar da aka yi wata shida ana lallaɓawa kafin ta buɗe baki sai ta ga baƙuwar fuska ta sake yin gum. Tun 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa lafiya da tsaro a wurin aiki cikin haƙƙoƙin ma'aikaci na tushe, ban ga dalilin da zai sa a ce hakan ya tsaya kan hular kwano a masana'anta ba. A sa iyaka kan yawan mutanen da ma'aikaci ɗaya zai riƙe, gidan da aka san akwai mai zafin hannu kar a tura mutum shi kaɗai, shi kuma oga in ya zauna da ma'aikaciyarsa ya tambaye ta yadda ta kwana bayan abin da ta gani jiya kafin ya tambayi fom nawa ta cike.