Tambayar da wani dattijo ya yi mini a kan tsaunin Schauinsland

Ranar Lahadin da ta wuce wani dattijo Bajamushe ya yi mini tambayar da na kasa amsawa, kuma har yanzu abin yana cin raina. Ba tare muka fito ba, hanya ce ta haɗa mu. Ya cim mini a tsakiyar hawa, kowa a kan kekensa, ya gaishe ni, ya rage gudu muka jera har sama. Furfura ta rufe masa kai, amma ƙwaurinsa kamar na saurayi. Da muka tsaya muna mayar da numfashi ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya. Sai ya ce, da fara'arsa: "To ku can wace hanya kuka fi son hawa? Wane daji kuke shiga?" Wallahi ba da wata manufa ya tambaya ba. Na buɗe baki, na rasa abin faɗa.

Bari in kwatanta muku wurin, don ku san inda nake tsaye aka yi mini wannan tambaya. Ina zaune a Freiburg, a kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa da Suwizalan. Garin yana gindin wani yanki da suke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji, tsaunuka da kurmi da suka miƙe kusan kilomita 160. Babban tsaunin da ke kusa da mu shi ne Schauinsland, tsayinsa mita 1,284. Daga bakin gari za ka kama kwalta, ka yi ta hawa wajen kilomita 12, kwana bayan kwana, sun fi ɗari. Itatuwan dogaye ne miƙaƙƙu, ganyensu kamar allura, sun haɗe ta sama har rana ba ta kai wa ƙasa sosai. Ba ka jin komai sai numfashinka, da ƙarar sarƙar keke, da ruwan wani rafi da ba ka gani. Can gaba daji ya buɗe, ka faɗa makiyaya koriya shar, shanu da ƙararrawa a wuya, ga gidajen manoma masu rufi jibgege da ya sauko har kusa da ƙasa, mutane da dabbobi duk a ƙarƙashin rufi ɗaya saboda sanyi. A can ƙoli akwai itatuwan da iska ta tanƙwara su gefe guda tun suna ƙanana. Idan gari ya yi garau, kana hango kwarin kogin Rhine, da tsaunukan Faransa a ƙetare, wani lokaci har da ƙanƙarar tsaunukan Alps daga kudu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai tun farkon zuwana shi ne halin direbobi. A wata matsattsiyar kwana wata mota ta biyo bayana, ta yi ta binni a hankali har kusan minti biyu, ba hon, ba zagi, sai da hanya ta miƙe ta buɗe sosai ta wuce. Tun 2020 dokar hanya a nan ta ce mai mota ya bar wa mai keke tazarar mita ɗaya da rabi a cikin gari, mita biyu a bayan gari. Ita wannan hanya ta Schauinsland ma, a da filin tseren motoci ce, yanzu kuwa daga bazara zuwa kaka ana hana babura hawanta ranakun Asabar da Lahadi. Ƙananan hanyoyin ƙauye duk da alluna masu koren rubutu, da sunan ƙauye na gaba da yawan kilomita, domin masu keke kawai. Dokar gandun daji ta ƙasar ta ba kowa izinin shiga daji don shaƙatawa, ko da dajin mallakar wani ne. Sai da na karanta wannan sau biyu kafin na yarda. Kuma shi Karl Drais, wanda a 1817 ya ƙera kakan keken da muke hawa yau, na katako marar feda, ma'aikacin gandun daji ne na wannan yanki na Baden. Keke da daji a wurinsu tare suka taso.

Kada wani ya ce na zo Turai na raina gida. Akwai abin da ba na so a nan, kuma zan faɗa. Daga Nuwamba sanyi yake korar ka daga tsauni, yatsunka su sandare a kan birki. Kekunan tseren da wasu ke hawa, kuɗinsu ya isa a sayi mota. Idan tayarka ta yi faci a tsakiyar daji, kai da famfonka ne, babu mai faci a gindin bishiya, babu yaran da za su taru su riƙe maka keke. Kana iya wuce gidaje goma babu wanda ya ce maka sannu da hanya. Dokokinsu ma har su gundure ka: a wannan jiha an hana hawa keke a hanyar daji da faɗinta bai kai mita biyu ba. Duk na sani. Amma ko an tara su gaba ɗaya, ba su kai nauyin abu guda da na gani da idona ba: mace ita kaɗai, da magariba, tana gangarowa daga cikin kurmi a kan keke, ko waiwaye ba ta yi.

Da na dawo hayyacina a gaban dattijon nan, sai na ji ƙishin ƙasata ya taso. Na ce masa mu ma muna da tsaunuka, kuma sun fi nasu. Feldberg, wanda ya fi kowane tsawo a Baƙin Daji, mita 1,493 ne. Chappal Waddi da ke Taraba mita 2,419. Na ba shi labarin tudun Mambilla, da hanyar da ke murɗawa tana hawa zuwa Gembu, da ciyawa iya ganinka, da sanyin safiyar Jos da duwatsun Shere. Na tuna masa cewa a Satumbar 2025 a Kigali aka yi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka, kuma Biniam Girmay ɗan Eritiriya ne ya tafi da koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a babbar gasar tseren keke ta Tour de France ta 2024. Ya saurara, idonsa na ƙyalli. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Sai dai ni na san na kauce wa tambayarsa. Shi hanyar da nake hawa ya tambaya, ni kuwa tsayin duwatsu na lissafa masa.

Da farko na ɗauka matsalarmu raina keke ce. Kun san yadda ake kallon magidanci mai digiri idan ya fito a kan keke, ba sai na faɗa ba. Na kuma ɗauka matsalar ramukan hanya ce da gangancin direbobi. Waɗannan suna nan, amma ana iya maganinsu, kuma na san akwai matasa a biranenmu da ke fitowa da asuba da hular kwano suna zagaye kwalta. Allah Ya ƙara musu ƙarfi. Ku lura dai, a cikin gari suke zagayawa. Babu mai cewa bari in miƙa kilomita 60 cikin karkara in dawo. Abin da ya hana su shi ne abin da ya ɗaure mini harshe a kan Schauinsland.

Daji muka rasa, jama'a. Ku faɗi sunayen nan a ranku: Rugu, Kamuku, Falgore, Sambisa. Gandun daji ne da aka keɓe, wasunsu don namun daji, wasu don kiwo da itace. Yau wa ya ji sunan Sambisa ya tuna da giwa ko barewa? Wa zai ce wa mahaifiyarsa zai bi ta Birnin Gwari a kan keke don ya sha iska? Ni ma ina yaro keke ne ya fara nuna mini faɗin duniya. Mukan fita bayan gari da damina, mu bi hanyar gona, mu hau tudu mu gangaro da gudu, iyayenmu ba su da fargabar komai sai ƙaya da dare. Manomin da ke ɗaura buhu a bayan kekensa ya ratsa daji shi kaɗai ya fi duk wani ɗan tseren nan juriya, kuma shi ne aka fara kora daga hanyar. Wannan ne yake ƙona mini rai, ba allunan hanya ko santsin kwalta ba.

Da dare na kira ƙanena na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Yaya, wannan hanyar da kake tunawa, yanzu ko da rana tsaka ba a binta." Ya ce yaransa ba su taɓa wuce gidajen ƙarshe na unguwa a kan keke ba, kuma shi da kansa ya hana su. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne, haka zan yi.

Kafin mu rabu, dattijon ya ciro wayarsa ya ce in rubuta masa sunan tudun da na ambata. Na rubuta masa Mambilla, harafi bayan harafi. Ya ce shi da abokansa sukan ɗauki kekunansu su je wata ƙasa kowace shekara, ko zan ba su shawara su gwada can? Na ce masa wuri ne mai kyau ƙwarai. Na so in ce ku zo, ni zan yi muku jagora, amma kalmar ta ƙi fita. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, ya juya ya gangara ta ɓangaren Münstertal, ni kuma na kama hanyar Freiburg.